Yadda ake gano tasirin fuskar kristal a kan alƙiblar maganaɗisu a siraran shimfiɗun ferobskayit

Ferobskayit dangin ma'adinai ne masu tsarin ABO3, wato atam biyu na sinadarai daban-daban (A da B) da atam uku na oksijin, kuma Gustav Rose ne ya bayyana na farkonsu a 1839 daga duwatsun Ural na Rasha. Wanda ɗalibin fiziks yakan ci karo da shi a wannan fanni shi ne La0.7Sr0.3MnO3, wato LSMO, domin yana riƙe maganaɗisunsa har zuwa zafin kusan 370 K (K ma'aunin zafi ne na Kelvin; 273 K shi ne digiri 0 na Salshiyas). Idan aka shimfiɗa shi siriri a kan faranti, maganaɗisun yana da alƙiblar da yake bi cikin sauƙi da wadda yake bi da ƙyar, kamar yadda mai faskare ya san itace yana da hanyar da yake tsagewa ba gardama.

Matakin farko shi ne zaɓen faranti. A samo farantan kristal na SrTiO3 guda uku da aka yanka ta fuskoki daban-daban, waɗanda ake wa laƙabi da lambobin (001) da (110) da (111). Tazarar atam a SrTiO3 nanomita 0.3905 ce, ta LSMO kuwa kusan 0.387, saboda haka farantin yakan ja shimfiɗar da ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, kuma yadda jan yake rarrabuwa ya danganta da fuskar da aka yanka.

Daga nan sai shimfiɗawa, wadda aka fi yi da leza mai tsawon zango nanomita 248, a zafin digiri 700 zuwa 800 na Salshiyas cikin iskar oksijin. A nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Dole ne kauri da zafi da matsin oksijin su zama iri ɗaya a kan farantan uku, domin idan biyu suka bambanta a kauri kuma suka bambanta a fuska, babu mai iya cewa wanne ne ya juya alƙiblar. A duba da na'urar eksire a tabbatar shimfiɗar ta bi tsarin farantinta, sannan a rufe samfuran a mazubi mai murfi, don ƙurar hunturu ba ta raga wa komai.

Sai awo. A sa samfuri a na'urar awon maganaɗisu, wato VSM ko SQUID, a ƙara ƙarfin maganaɗisu, a rage shi, a juya shi, a zana abin da ya fito, bayan an cire gudummawar farantin kansa. A alƙibla mai sauƙi zanen yakan fito kusan murabba'i, kuma maganaɗisu mai yawa yakan saura a samfurin bayan an mayar da ƙarfin na'urar sifili; a mai wuya kuwa yakan fito siriri a karkace. A riƙa juya samfurin digiri goma-goma har a zagayo, ana zana maganaɗisun da ya saura a kowace kusurwa; inda zanen ya yi tudu, nan ne alƙibla mai sauƙi.

A kan (001), a ƙaramin zafi, maganaɗisun yakan kwanta a shimfiɗe ya fifita alƙiblun da ke ratsa fuskar kristal daga kusurwa zuwa kusurwa, wato <110>, sai a ga tudu huɗu a zagaye guda. A kan (110) tudu biyu ne kawai, domin jan bai daidaita ba, kuma alƙibla mai sauƙi ita ce [001], wadda ke bin ɗaya daga gefunan kristal ɗin. A kan (111) bambancin yana da rauni ƙwarai.

Awo ɗaya a zafin ɗaki, a ganina, bai isa hujja ba, balle ɗakin Kaduna a watan Afrilu, inda ake haura 300 K nesa ba kusa ba. Fifikon da kristal ke bayarwa yana raguwa yayin da zafi ke ƙaruwa, har ƙananan matakalar da ke saman farantin (001), masu tsayin kusan nanomita 0.39, su rinjaye shi, su mayar da tudu huɗu zuwa biyu. Don haka a maimaita awon a sanyi, amma a tsaya sama da 105 K, domin a nan ne SrTiO3 yake sauya siffarsa ya shigo da wani jan na daban.