Yadda ake zaunar da baƙi huɗu a kujera ɗaya hira ta yi daɗi

Ranar da na fara gabatar da hira da baƙi uku a lokaci guda, jarrabawar baka na mayar da ita. Na tambayi na farko ya amsa, na juya ga na biyu ya amsa, na uku kuwa ya zuba tagumi yana jiran a zo kansa. Da na zauna kallon abin da muka ɗauka, ni kaina hamma na riƙa yi. Abin da ya gyara mini aiki shi ne makonnin da na yi ina kallon shirin Graham Norton na BBC da biro a hannu, ina rubuta wa ya yi magana, kuma da wa ya yi ta.

Norton ɗan ƙasar Ireland ne. Shirinsa ya fara a BBC Two a 2007, ya koma BBC One a 2009, sannan a 2010 ya gaji daren Juma'a bayan tafiyar Jonathan Ross, wanda shirin hirarsa ke riƙe da wannan dare a baya. A Amurka tun zamanin shahararren mai shirin hira Johnny Carson an saba mai gabatarwa ya zauna bayan tebur, baƙo ya shigo a yi da shi, ya matsa gefe wani ya shigo. Norton ba shi da tebur. Tun farkon shiri yake kiran baƙinsa su jeru a jar doguwar kujera guda, shi kuma ya zauna a gefe. Takardata ta nuna mini cewa inda 'yan kallo suka fi fashewa da dariya, galibi baƙi ne ke magana da junansu, shi yana gefe yana iza wuta.

To idan irin wannan zaman kake so, fara da haɗin baƙin. Kada ka tara manya huɗu masu ji da kai, kowa zai tsare girmansa a yi zaman doya da manja. Ka duba kujerar Norton: sau da yawa za ka ga babban ɗan fim daga Amurka, da wani da bai kai shi suna ba, da mai barkwanci na gida wanda ba ya shakkar kowa. Mai barkwancin nan shi ne gishirin zaman, domin shi ne zai iya tsokanar babban baƙo ba tare da an ce mai gabatarwa ya yi rashin kunya ba. A can babban baƙo ne yawanci ke zama kusa da Norton. Ni dai nakan ajiye mai surutu a can ƙarshe, don duk maganar da zan yi da shi sai ta bi ta kan sauran, dole ta ja su ciki.

Aikin da ya fi nauyi kuwa kafin a kunna kyamara ake yin sa. A manyan shirye-shiryen hira akwai masu bincike da ke zantawa da baƙo tun kafin ranar ɗauka, su tattara labaran da zai iya bayarwa. Kai da ba ka da ma'aikata, ɗauki waya ka kira kowane baƙo, ku yi minti goma sha biyar. Ka nemi labari biyu ko uku masu farko da ƙarshe: ranar da ya ji kunya a bainar jama'a, aikin da ya yi kafin ya yi suna, kuskuren da ya taɓa tafkawa a gaban wani babba. Da zarar ka ji labarin ya yi, dakatar da shi, ka ce ya ajiye sauran sai ranar. Na taɓa barin wata baƙuwa ta ba ni labarinta kaf a waya, muka yi ta dariya har da hawaye. Ranar ɗauka ta maimaita shi salam, ni kuma na yi dariyar dole, kyamara ba ta rufa mini asiri ba.

Daga nan sai ka baje labaran a gabanka ka nemo inda suka haɗu. Idan biyu daga cikin baƙin sun taɓa faɗuwa a gwajin aiki, ka samu gada. Na farko yana gamawa, ka juya ga na biyu ka ce, "Kai ma ai an taɓa yi maka irin wannan, ko?" Abin da za ka rubuta a katinka ke nan, kalma uku ko huɗu da za su buɗe ƙofar labari. Doguwar tambaya da aka haddace tana kashe hira nan take.

Sai kuma koyon yin shiru, wanda ya fi ba ni wahala. A watan Oktoban 2024 'yar fim Saoirse Ronan na zaune a kujerar Norton tare da 'yan fim maza uku, Denzel Washington da Paul Mescal da Eddie Redmayne. Mazan na ta raha kan wai wa zai tuna da amfani da wayarsa don kare kai idan aka kai masa hari, sai ta ce ai mata kullum da irin wannan tunanin suke yawo. Wurin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan 'yan kallo suka ɗau tafi. Guntun bidiyon ya zagaye intanet cikin kwanaki kaɗan. Ba wanda ya shirya wannan, kuma da an yi saurin toshe shirun da wata tambaya, da maganar ta bi iska.

Wasu na cewa giyar da ake ajiye wa baƙi a gabansu ce ke sakin bakinsu. Ban yarda ba, ruwa kawai nake ajiyewa kuma hira na tafiya.

Ka ɗauki fiye da abin da za ka nuna. Shirin Norton ba kai tsaye ake yaɗa shi ba, ana ɗauka ne a tace. Idan minti arba'in kake so, ɗauki awa guda da 'yan kai, ka yanke duk inda aka yi sanyi, ko da tambayarka ce da ka fi alfahari da ita.

Ka kuma san iyakar wannan tsari. Shirin Norton ya ci kyaututtukan BAFTA na talabijin a Birtaniya da dama, gutsattsarinsa na samun miliyoyin masu kallo a YouTube, amma masu suka suna da gaskiyarsu: baƙin sun zo tallar sabon fim ne ko littafi ko waƙa, ba kuma wanda zai titsiye su a gaban 'yan uwansu. Idan tonon silili kake so ka yi wa mutum, zaunar da shi shi kaɗai.

A ƙarshen shiri Norton yakan ba 'yan kallo dama. Mutum zai hau wata babbar jar kujera ya ba da labarinsa, idan ya gundure su sai a ja wani ƙarfe kujerar ta wuntsila da shi baya. Ni ba ni da irin wannan kujera, ƙararrawa nake miƙa wa baƙon da ya fi kowa shiru a ranar, in ce hukunci na hannunsa.