Darasi na Tara: Kwana da Na'urar Numfashi a Ɗakin Jirgin Ruwa

Akwai mutanen da maƙogwaronsu ke rufewa idan barci ya yi nauyi, sai minshari ya tsaya cak, numfashi ya ɗauke na daƙiƙa 10 ko fiye, sannan mutum ya zabura yana shaƙar iska. Wannan yakan faru sau da yawa a dare guda, shi ya sa mai ciwon ke wayar gari da ciwon kai, ya wuni yana gyangyaɗi ko da a bakin shagonsa ne. Likita yakan rubuta masa wata na'ura da ake kira CPAP, likitocinmu masu aiki da Faransanci kuma suna ce mata PPC. Wani likita ɗan Ostareliya mai suna Colin Sullivan ne ya fito da dabarar a 1981. Aikinta shi ne tura iska ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ke kan hanci, don hanyar numfashi ta zauna a buɗe har asuba.

Damagaram ba ta da teku, amma mutanenta matafiya ne. A ce wani dattijo mai shago a Kasuwar Dole, ɗansa da ke zaune a Faransa ya biya masa kujera a irin manyan jiragen ruwan nan na yawon buɗe ido da ke tashi daga Marsai, birnin bakin teku a kudancin Faransa, inda za a yi mako guda ana kwana a kan ruwa. Uwargidansa tana haɗa kaya sai ta ce, "Alhaji, ita ma wannan da ita za a tafi?" Amsar ita ce e, domin ciwon yana dawowa a daren farko da aka kwanta babu na'urar.

Shiri yana farawa tun daga gida. A juya ƙaramin akwatin da ke jikin wayar na'urar, a karanta lambobin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe. Idan an ga 100–240V, to na'urar tana karɓar wutar kowace ƙasa, kuma yawancin na zamani haka suke. Wutar da muke sha a Nijar mai ƙarfin 220 ce, bakin wayarmu kuma ƙarafa biyu ne masu zagaye irin na Turai, alhali wasu jiragen suna da soket irin na Amurka mai ƙarfin 110 da ramuka masu faɗi. Saboda haka a sayi ɗan mahaɗin da ke daidaita baki da baki, a saka shi cikin jakar na'urar tun kafin a kama hanyar Yamai, wadda ta kai kusan kilomita 900.

Abin da ya fi ba mutane wahala shi ne nisan soket daga gado. A ɗakunan jirage da yawa, musamman tsofaffi, soket yana wajen teburin madubi, wayar na'urar kuma ba ta kaiwa. Mutum zai ce ai sai ya taho da doguwar wayarsa ta gida mai ramuka da yawa, to amma kamfanonin jiragen sun hana irin wadda ke da kariyar hauhawar wuta, domin a tsarin wutar jirgi tana iya jawo gobara, kuma masu binciken kaya sukan riƙe ta a bakin shiga. Hanya mafi sauƙi ita ce a sanar da kamfanin makonni kafin tafiya cewa fasinja yana kwana da na'ura, a nemi su tanadi wayar ƙari. Idan an shimfiɗa ta a ƙasa, a roƙi mai kula da ɗakin ya manne ta da salatif, don kada ƙafar dattijo ta harɗe da ita sa'ad da ya tashi alwala cikin duhu. A wasu ɗakunan kuma wuta ba ta zuwa sai an soka katin ƙofa a wani rami kusa da ƙofar, don haka a bar katin a wurinsa duk dare.

Sai batun ruwa. Yawancin na'urorin suna da ɗan tanki da ke jiƙa iskar don kada hanci ya bushe, kuma ruwan da ya dace da shi shi ne wanda aka tafasa aka tara tururinsa, wanda ake samu a farmasi. Ina jan kunne sosai a nan: kada kowa ya zuba ruwan batir na wajen bakanike, domin ba don huhun mutum aka yi shi ba, wani ma akwai asid a ciki. A nemi jirgin ya ajiye ruwan a ɗaki. Wasu suna bayarwa kyauta, wasu da kuɗi. Da yake jirgi yana tangaɗi idan teku ta motsa, kada a cika tankin har layin sama, kuma a ajiye na'urar ƙasa da kan mai barci, a kan tawul, don kada ruwa ya gangaro cikin tiyo. Kafin a ɗaga ta kuwa, a zubar da ruwan tukuna.

Na'urar ba ta shiga babban akwati. A riƙe ta a hannu a mota, a jirgin sama, da ranar shiga jirgin ruwa, inda akwatuna kan daɗe kafin su iso ɗaki. A haɗa da takardar likita, da sabon matacin iska, tunda ƙurar hunturun garinmu tana saurin toshe tsohon. Wanda ke son shan maganin jiri na tafiyar ruwa ya tambayi likitansa tukuna, domin wasu suna sa barci mai nauyi.

Aikin aji: kowa ya rubuta wasiƙa ta jimla uku zuwa ga kamfanin jirgin, ya faɗi cewa yana kwana da na'urar numfashi, ya nemi wayar ƙari da ruwan tanki, sannan ya karanta wa na kusa da shi abin da ya rubuta.