Yadda na kawar da gunjin sifika da DAC mai kafar Toslink

Gunjin ba ya yankewa muddin kwamfuta na haɗe da amfilifaya ta ƙaramin DAC (na'urar da ke mayar da sautin dijital zuwa irin wanda amfilifaya ke karɓa) mai shan wuta daga USB. Da na zare USB ɗin sai ya ɗauke, alamar amfilifaya lafiyarsa ƙalau. Wayar USB ce ke haɗa layin ƙasa (wato earth) na kwamfutar da amfilifayar, ta nan gunjin wutar gida mai 50Hz ke kutsowa cikin sauti.

Sai na sauya zuwa DAC mai kafar Toslink. Wayar Toslink da haske take ɗaukar sauti, babu ƙarfe a cikinta, don haka wuta ba ta da hanyar bi. Kwamfutar ba ta da wannan kafa, sai na sa ƙaramin akwatin da ke mayar da USB zuwa Toslink. DAC ɗin kuma na ba shi cajarsa daban mai 5V, domin idan ya sha wuta daga kwamfutar gunjin zai dawo.

A kwamfutar, a saita sautin a PCM (sautin dijital da ba a matse shi ba), 24-bit/96kHz ko ƙasa. Idan aka bar shi a Dolby Digital (tsarin sautin fina-finai mai sifiku da yawa), yawancin irin waɗannan DAC shiru za su yi, ko su fitar da shuuu mai ƙarfi da ka iya lalata ƙananan sifiku.