Yadda Ake Kare Masu Aikin Titi Daga Motocin Da Ke Wucewa

Kafin a fara aiki, a kafa allunan gargaɗi tun daga nesa, domin tirela mai ɗauke da kaya, irin waɗanda ke bin hanyar Kaduna zuwa Kano, ba ta tsayawa nan take komai ƙarfin birkin da direba ya taka. Daga nan sai a jera robobin alama a karkace, yadda motoci za su koma hannu guda sannu a hankali. Idan aikin zai daɗe, shingen kankare ya fi, don roba ba ta tare mota.

Kowane lebura ya sanya riga mai ƙyalli, musamman da dare ko lokacin hazon hunturu. Mai ɗaga tuta kuwa ya tsaya a gefen titi yana fuskantar motoci, kada ya ba su baya.