Yadda za ka gane lissafin maki da rukunin 'yan tseren keken BMX

Ranar da na fara kallon tseren BMX a YouTube wallahi ban gane komai ba, mutum takwas sun gangaro daga wani tudu da ƙananan kekuna, kafin in gyara zama an gama, sai ga allo ya nuna wai mai maki 3 ya fi mai maki 15. Na ce yau ga ikon Allah, a ina aka taɓa yin haka? Ashe maki iri biyu ne a wasan nan, akwai wanda ƙarancinsa ake so akwai wanda yawansa ake so, kuma in ka raba su a kanka ka gama gane rabin wasan.

Shi dai wasan yara ne suka faro shi a kudancin Kalifoniya ta Amurka wajen farkon shekarun 1970, suna kwaikwayon masu tseren babur a kan turɓaya. Bai shiga gasar Olamfik ba sai 2008 a Beijin, inda Maris Strombergs ɗan Latbiya da Anne-Caroline Chausson ta Faransa suka ɗau zinare. Hukumar da ke tsara dokokinsa a duniya ita ce UCI mai hedikwata a Aigle ta ƙasar Suwizalan, amma Amurkawa na da nasu tsarin na cikin gida, zan zo kansa.

Fara da filin. Tsawonsa mita 300 zuwa 400 ne, ga tudu-tudu ga kwana masu jingina, kuma manya kan gama shi a daƙiƙa talatin da 'yan kai. Ƙofar tashi mutum takwas take ɗauka ba ƙari. A manyan gasa tudun da suke gangarowa tsayinsa mita 8 ne. Murya za ta ce a shirya a kalli ƙofa, sai a yi ɗan shiru wanda ba wanda ya san tsawonsa don kar wani ya haddace lokacin, sai ƙara ta tashi fitilu su kunnu ƙofar ta faɗi. Wanda ya riga shiga kwanar farko sau da yawa shi ke cinyewa, don haka nan za ka zuba ido.

To ga lissafin. Zagayen share fage sunansa moto, kuma a tsarin UCI sau uku ake yinsa. Matsayin da ka zo shi ne makinka: na ɗaya maki 1, na biyu maki 2, haka har na takwas maki 8. An gama ukun sai a haɗa, huɗun da suka fi ƙarancin maki su wuce gaba, sauran su tattara kayansu. Ka ɗauki biro da takarda ka gwada da kanka. A ce mai lamba 14 ya zo na 1, na 5, na 2, jimla 8 ke nan. Mai lamba 77 kuma ya zo na 3, na 2, na 3, shi ma 8. Sun yi kunnen doki, to wa ke gaba? Moto na ƙarshe ake dubawa, 14 ya zo na biyu 77 ya zo na uku, don haka 14 ne a sama. Shi ya sa za ka ga a zagaye na uku kowa ya fito da haƙoransa ko da ka ɗauka ya riga ya tsira.

Sannan akwai wasu haruffa da za ka riƙa gani a allo. DNF na nufin ya tashi amma bai ƙarasa ba, sai a ba shi maki daidai yawan waɗanda suka tashi, in su takwas ne maki 8. DNS shi ne wanda bai ma hau ƙofar ba, nasa ya fi muni, yawan 'yan rukunin da ƙarin 2, wato 10. REL kuma alƙalai ne suka mayar da shi baya saboda laifi, kamar ya yanke hanya ko ya ture wani da gangan, shi ma na ƙarshe da ƙarin 2. Ka ga kenan wanda ya cinye moto biyu sannan ya faɗi a na uku makinsa 10, wani lokacin ya ishe shi wucewa wani lokacin kuma a'a. Wannan ne dalilin da ya sa za ka ga yaro ya sha ƙasa gwiwa na jini amma ya miƙe ya hau kekensa ya lallaɓa har layin ƙarshe, don in su biyu suka faɗi, wanda ya ƙarasa ya samu 7 ɗayan 8, kuma maki ɗayan nan na iya zama shi ne komai.

Daga moto sai matakan sallama, kwata fainal, simi fainal, in mutane sun yi yawa ma tun daga zagayen da ke gabansu. A nan galibi gudu ɗaya ne, huɗun farko su wuce. A Olamfik ɗin Tokyo da na Paris sun ɗan sauya, mutum 24 maza 24 mata, kwata da simi duk sau uku-uku aka yi da lissafin maki. Amma fainal fa gudu ɗaya ne tal, duk makin da ka tara a baya an share shi, wanda tayarsa ta riga taɓa layi shi ne zakara. Ni a ganina akwai rashin tausayi a ciki, kwana biyu kana cinye kowa sannan ƙafarka ta zame a daƙiƙar farko shi kenan, amma kuma daɗin kallon ke nan. Abin da ya faru da Connor Fields na Amurka a Tokyo a 2021 ya nuna yadda lissafin ke aiki: shi ne mai riƙe da zinaren 2016, ya yi mummunar faɗuwa a gudu na uku na simi, makinsa na gudu biyun farko ya kai shi fainal amma lokacin da aka yi ta yana hanyar asibiti. Niek Kimmann na Holan ne ya ɗau zinaren. A Paris kuwa a 2024 Faransawa uku ne suka kwashe lambobin maza duka, Joris Daudet a gaba.

Rabon rukuni kuma abu huɗu ake dubawa, shekaru, jinsi, girman taya, da ƙwarewa. Keken da aka fi sani tayarsa inci 20 ce, akwai kuma kuruza mai inci 24 wanda ake wa nasa tseren daban, dattawa da iyayen yara sun fi son shi. A wajen UCI masu neman kambun duniya kashi uku ne, Juniyo 'yan 17 da 18, 'yan ƙasa da 23 wato 19 zuwa 22, sai Elit manyan gwanaye. Sauran jama'a tun daga ƙananan yara har masu furfura suna matakin da ake kira Chalenj, an yanka su rukuni-rukuni bisa shekarunsu. Kuma da shekarar haihuwa suke lissafi ba da rana ba, wanda aka haifa a Disamba da na Janairun shekara ɗaya sa'o'in juna ne a wajensu.

A Amurka hukumar USA BMX ce ke riƙe da abin, wadda ta samu a 2011 bayan hukumomi biyu, ABA da NBL, sun haɗe. Su da ƙwarewa suke raba mutane a cikin kowane shekaru: Nobis ɗan koyo, Intamidiyet matsakaici, Espat ƙwararre. Ba jarrabawa ake yi ba, nasara ce ke ɗaga ka, ɗan koyo in ya ci tsere 10 ya koma matsakaici ko yana so ko ba ya so, yaro namiji matsakaici kuma in ya ci 20 ya zama ƙwararre. Ko share fagensu ma daban yake a yawancin filaye, wanda ya ci moton farko ya samu gurbin fainal sai ya je ya huta, saura su sake karawa har guraben su cika.

A nan ne maki na biyun ke shigowa, wanda yawansa ake so. Duk tseren da ka yi ana zuba maka maki na shekara a yankinku, ɗan koyo in ya ci fainal 25, matsakaici 50, ƙwararre 100, sannan a ƙara maka maki ɗaya-ɗaya a kan kowane mutum da ke rukunin naka. Wasu ranakun ana ninka makin sau biyu ko uku, ranar kuwa filin cika yake. Ƙarshen shekara wanda ya fi tarawa shi ke maƙala lamba 1 a gaban kekensa, kuma babban taronsu na rufe shekara a Tulsa ta jihar Oklahoma ake yinsa duk watan Nuwamba.

In kana kallon gasar UCI kuma ka rasa wane rukuni ne a kan ƙofa, kalli allon lambar da ke gaban keken. Fari da baƙar lamba Elit ne, baƙi da farar lamba Juniyo, ruwan toka 'yan ƙasa da 23, ruwan ɗorawa maza 'yan Chalenj, shuɗi mata, ja kuma kuruza. In ka ga harafin W kafin lamba 1 zuwa 8, mai keken ya shiga fainal a gasar duniya ta Chalenj da ta gabata, lambar ita ce matsayin da ya zo.