Masu yara a jami'a a nan Amurka, ku lura kafin cike takardar haraji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Bara ɗana ya cike takardar harajinsa da kansa, ya manta ya danna akwatin nan da ke cewa wani na iya sa shi cikin waɗanda yake ɗauke da nauyinsu. Da na tura tawa ta intanet sai aka dawo min da ita, wai an riga an yi amfani da lambarsa ta Social Security, wato lambar shaidar da ake sawa a takardar haraji. Sai da muka yi gyara, muka sha jira.

In yaro na karatu cikakken lokaci, bai kai 24 ba a ƙarshen shekara, kuma ba shi ke ɗaukar fiye da rabin ɗawainiyar kansa ba, kana iya sa shi a takardarka ko da yana aiki. Albashinsa kuwa a tasa takardar yake shiga. Ya cike ko da kuɗin kaɗan ne, galibi za a mayar masa da harajin kuɗin shiga da aka cire daga albashinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin da ba na gumi ba: ruwan banki, ribar hannun jari, har da kuɗin tallafin karatu da aka kashe a abinci da ɗakin kwana. A shekarar 2024, abin da ya haura dala 2,600 ana caje shi da kason harajin iyaye, ba na yaro ba, a fom 8615 na hukumar haraji ta Amurka, IRS. Wanda ya buɗe wa ɗansa asusun jari don ya rage haraji, to ya duba wannan tukuna.