Yadda Ake Koyon Kiɗan Indastiriyal da Jita a Kumasi

Wanda ya taso a Aboabo ko Asawase kunnensa ya saba da jitar hailaif, kiɗan nan na Ghana, mai taushi, mai zagaya waƙa. Kiɗan indastiriyal ba haka yake ba. A Ingila ya samo asali, kuma sunan ya biyo kamfanin faifai na Industrial Records da ƙungiyar Throbbing Gristle ta kafa a 1976. Daga baya ƙungiyoyin Ministry a Amurka da Rammstein a Jamus suka ɗora masa jita mai nauyi. A nan jita aikin inji take yi: ta buga, ta yi tsit, ta sake bugawa daidai inda ta buga ɗazu.

Fara da tanadin kaya. Jitar lantarki ko ta gwanjo ce ta isa, sai ɗan akwatin da ke haɗa ta da kwamfuta ko waya, da abin sauraro na kunne, domin yawancinmu gidan haya muke, kuma maƙwabci yana da haƙƙi, balle lokacin salla. BandLab, manhajar naɗar kiɗa, kyauta ce a waya, Hydrogen kuma injin ganga ne kyauta a kwamfuta.

Sai ka sassauta tsarkiya ta shida, mafi kauri, daga amon E zuwa amon D. Da yatsa ɗaya a kwance kan tsarkiyoyi uku mafi kauri za ka samu amo mai kauri.

Yanzu ga ainihin aikin, ɗan'uwa. Ɗora gefen tafin hannunka na dama kan tsarkiyoyi, can gindin jita inda suka kwanta, ka danne su kaɗan don amon ya fito a shaƙe. Bugun duka ƙasa za ka riƙa yi, ba sama da ƙasa ba. Kunna injin ganga a bugu 80 cikin minti ɗaya, ka bi shi da amo guda tak. Zai gundure ka, amma kada ka sauya. Ɗauki sautin kanka ka saurara: kana riga ganga ne, ko kana baya? Yawancin masu koyo riga suke yi saboda zumuɗi. Sai ka ji bugunka ya nutse cikin na ganga sannan ka ƙara biyar, a hankali har 120. A ganina wanda ya iya amo biyu a kan lokaci ya fi mai gudun yatsu wanda ganga ke barin sa a hanya.

Maɓallin da ke kaurara muryar jita a manhajar, kada ka murɗa shi har ƙarshe, domin bugun zai cakuɗe. Kai shi rabi, ka kunna matsayar ƙara, wadda ke yanke tsuwwar jita da zarar ka dakata. Shirun da ke tsakanin bugu biyu dole ya zama shiru na gaske.

Akwai abin da mu a Kumasi muka fi wasu: Suame Magazine, unguwar makanikai da masu walda. Tun 1980 ƙungiyar Einstürzende Neubauten ta Balin a Jamus ke kiɗa da tarkacen ƙarfe da injin huda, kai ma za ka iya yin haka. Je wurin makanikai da masu walda, ka gaida masta, ka nemi izini, ka naɗi ƙarar guduma da ta injin goge ƙarfe da wayarka. Yanke bugun guduma ɗaya mai tsafta, ka ajiye shi a bugu na biyu da na huɗu cikin kowane bugu huɗu na ganga, jita ta cike sauran.

Wajen naɗa, kaɗa layin jita sau biyu, ɗaya ka tura kunnen hagu, ɗaya na dama, don amon ya yi faɗi. Kwafe guda ɗaya ba zai ba ka wannan faɗin ba. Riƙa adana aikinka akai-akai saboda ɗauke wuta, kuma in kunnenka ya fara tsuwwa, rage ƙara ka huta.